Daga Delhi Zuwa Kerala: Mutanen da Na Tarar a Indiya

Jinya ce ta kai ni Indiya, kamar yadda take kai Hausawa da dama a shekarun nan. Likitoci a Kano ne suka ba da shawarar a fitar da kawuna, ƙanin mahaifiyata, domin a yi masa aikin zuciya, dangi kuma da suka zauna sai suka ga ni ne mai ɗan Turancin da zai iya tsayawa gaban likita, saboda haka aka ɗora mini rakiyarsa. Mun ya da zango a Addis Ababa, muka sauka Delhi a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo da hayaƙi suke haɗuwa su lulluɓe birnin har mutum ba ya hango ƙarshen titin da yake tsaye a kai. Kawu yana cikin waɗanda suka yi samartakarsu a gidajen sinima na Kano, kuma ya baro gida da yaƙinin cewa yana jin Indiyanci, don haka tun yana kan gadon asibiti ya fara gwada abin da ya haddace a kan ma'aikaciyar jinyar da aka haɗa shi da ita. Ta yi dariya, ta amsa masa da Turanci, ta ce ita 'yar jihar Kerala ce da ke can ƙarshen kudu, harshen gidansu Malayalam ne, Hindi kuwa a makaranta ta koye shi, kuma sai da ta zo Delhi aiki bakinta ya saba da shi.

Yawancin ma'aikatan jinya na wannan sashe 'yan Kerala ne, da dama daga cikinsu Kiristoci, kuma idan suka keɓe suna hira a tsakaninsu, likitan da ke duba Kawu, wanda ɗan Punjab ne, ba ya tsintar ko kalma ɗaya. Yaron da ke goge ɗakin daga Bihar ya zo, kuma da Bhojpuri yake waya da mahaifiyarsa. Abin da muke kira Indiyanci a gida shi ne Hindi, harshen arewa da tsakiyar ƙasar da na masana'antar fim ta Mumbai, kuma a ƙidayar 2011 kashi 43.6 cikin ɗari na jama'a ne aka rubuta shi a matsayin harshen uwarsu, wannan ma bayan an tattaro harsuna irin su Bhojpuri da Rajasthani an cusa su a ƙarƙashinsa, abin da yawancin masu kishin waɗannan harsuna ba su aminta da shi ba. Masu Bengali sun kai miliyan 97, Marathi miliyan 83, Telugu miliyan 81, Tamil miliyan 69, Urdu kuma ya haura miliyan 50. Ƙidayar ta lissafa harsuna 121 waɗanda kowannensu yake da masu magana dubu goma zuwa sama, kundin tsarin mulki ya ambaci 22 da sunansu, kuma duk wanda ya juya bayan takardar kuɗin rupi zai ga an rubuta darajarta da harsuna 15 a jere, ban da Hindi da Turanci.

Da Kawu ya fara samun sauƙi na riƙa fita gari, kuma a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Rajiv Chowk, da misalin ƙarfe shida na yamma, na fara ganin abin da ake nufi da yawan mutanen Indiya. Ba ka shiga tarago da ƙafarka, jama'a ne suke ɗaukarka su shigar da kai, su kuma fitar da kai idan an kai inda mafi yawansu za su sauka. A kan titi kuwa ga a-daidaita-sahu nan rututu, irin namu na Kano sak, domin daga nan ake kai mana su. Ƙidayar 2011 ta samu mutum biliyan 1.21, wadda ya kamata a yi a 2021 kuma annobar korona ta sa aka ɗage ta, sai dai a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa Indiya ta wuce China, da mutum sama da biliyan 1.4. Su ba sa lissafi da miliyan, da lakh suke yi, wato dubu ɗari, da kuma crore, wato miliyan goma, shi ya sa 'yan siyasarsu kullum suke maganar crore 140. Faɗin ƙasar wajen ninki uku da rabi ne na Nijeriya, amma jama'arta sun ninka namu kusan sau shida, kuma jihar Uttar Pradesh kaɗai ta kusa kai miliyan 200 tun a 2011.

Duk da wannan cunkoso, wuya ne ka tambayi magidanci a Delhi yawan 'ya'yansa ya ce maka sun wuce biyu, kuma da na gaya wa wani direba cewa Kawu yana da goma sha ɗaya, sai da ya waiwayo ya dube ni ya tabbatar ba wasa nake yi ba. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi tsakanin 2019 da 2021 ya nuna cewa matsakaicin haihuwar mace ya sauko zuwa biyu, ko da yake a Bihar yana kan uku. Tsofaffi ba su manta da dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977 ba, zamanin Indira Gandhi, lokacin da aka yi wa miliyoyin maza aikin hana haihuwa, da yawansu bisa tilas. Akwai kuma wani allo da na riƙa wucewa kullum a ƙofar ɗakin ɗaukar hoton ciki, wanda yake gargaɗi cewa laifi ne a faɗa wa mai juna biyu jinsin abin da take ɗauke da shi. Dokar tun 1994 take, kuma dalilinta shi ne zubar da cikin 'ya'ya mata, wanda ya sa a 2011 aka samu mata 879 kacal a kan kowane maza dubu a jihar Haryana mai maƙwabtaka da Delhi. Tushen abin yana ga aure. A wurinmu namiji ne yake biyan sadaki ya haɗa lefe, duk da cewa kayan ɗaki ma suna karya iyayen amarya, amma a can iyayen mace ne suke biyan dangin ango kuɗi da zinariya, wani lokaci har da mota, alhali doka ta haramta haka tun 1961.

Ranar Juma'a na tafi tsohon birni, na yi salla a babban masallacin da sarki Shah Jahan ya gina, wanda aka kammala a 1656. An gina shi da jan dutse a kan tudu, sai an hau matattakala masu yawa kafin a kai ƙofa, kuma harabarsa tana ɗaukar mutum wajen dubu 25. Musulmin arewacin Indiya galibi 'yan mazhabar Hanafiyya ne, suna ƙabdu a ƙasan cibiya, ba a jin amin da ƙarfi, la'asar ɗinsu kuma tana yin jinkiri fiye da yadda muka saba. Da aka idar, wani dattijo da ya ga na saki hannuwana ya tambaye ni daga ina nake, da na ce Nijeriya kuma mu Malikawa ne, sai ya riƙe hannuna ya kai ni shan shayi. Rubutun Urdu da ke saman shagunan unguwar ya zo mini da sauƙi saboda sabo da ajami, ina iya haɗa baƙaƙen ko da ma'anar ta kuɓuce mini.

Daga nan na bi titin Chandni Chowk da ƙafa, kuma ban taɓa ganin titi irinsa ba. Idan ka taso daga gaban Jan Ganuwa, tsohuwar fadar sarakunan Delhi, wurin bautar mabiya addinin Jain ne farko, kusa da shi na 'yan Hindu, can gaba ga wata tsohuwar majami'ar Baptis, ga kuma Sis Ganj, wurin ibadar mabiya addinin Sikh da aka gina a inda aka fille kan jagoransu na tara, Guru Tegh Bahadur, a 1675 bisa umarnin sarki Aurangzeb, sannan titin ya ƙare a ƙofar masallacin Fatehpuri na 1650. Duka wannan tafiyar ba ta kai kilomita biyu ba. A ƙidayar 2011 'yan Hindu su ne kashi 79.8 cikin ɗari, Musulmi 14.2, Kiristoci 2.3, Sikh 1.7, mabiya Buddha 0.7, Jain kuma 0.4, amma a ƙasa mai wannan girma ƙaramin kaso ma al'umma ce guda, domin wannan 1.7 ɗin ya haura mutum miliyan 20. Na shiga Sis Ganj bayan na cire takalmi na rufe kaina, aka zaunar da ni a ƙasa cikin sahu, aka zuba mini miyar wake da gurasa kyauta, kamar yadda ake zuba wa duk wanda ya shigo ba tare da an tambayi addininsa ba. Mai rawanin da ke rabon ya gaya mini cewa tun zamanin Guru Nanak, wanda ya assasa addininsu, aka kafa wannan ciyarwa domin a tilasta wa mai asali da marar asali su zauna a tabarma ɗaya su ci daga tukunya ɗaya. A lokacin na ɗauki maganar a matsayin bayanin sadaka kawai, sai da na shiga jirgin ƙasa na ga nauyinta.

Musulmin Indiya sun kai miliyan 172 a 2011, babu ƙasar da ta fi su yawan Musulmi sai Indonesiya da Pakistan, amma a cikin shagon shayin nan dattijon ya rage murya kafin ya yi mini maganar halin da suke ciki. Iyayensa suna cikin waɗanda suka ƙi ƙaura lokacin da aka raba ƙasar biyu, Indiya da Pakistan, a 1947, rabon da ya tayar da mutum wajen miliyan 15 daga gidajensu, ya kuma ci rayukan dubban ɗaruruwa. Ya lissafo mini rusa masallacin Babri a ranar 6 ga Disamba 1992, da rikicin Gujarat na 2002, da na arewa maso gabashin Delhi a Fabrairun 2020 wanda ya kashe mutum sama da 50, galibinsu Musulmi, ya kuma ce samun hayar gida a wasu unguwanni yana yi wa mai suna irin nasa wuya. Gaskiya ne cewa Musulmi uku sun riƙe kujerar shugaban ƙasa, na ƙarshensu Abdul Kalam daga 2002 zuwa 2007, sai dai wannan kujera ta girmamawa ce, mulki yana hannun firaminista da majalisa, kuma a zaɓen 2024 Musulmi 24 ne kawai suka shiga majalisar wakilai mai kujeru 543.

Likitoci sun ce Kawu ba zai hau jirgin sama ba sai ya ƙara warwarewa, babban ɗansa kuma ya iso ya karɓe ni, sai Kawu da kansa ya ce: “Ɗana, tunda Allah ya kawo ka, je ka ga ƙasar, ka zo ka ba ni labari.” Na hau jirgin dare zuwa Varanasi. A cikin tarago mutane suna saurin sabawa, su buɗe ƙunshin abinci su miƙa wa na kusa, amma na lura cewa idan baƙi biyu suka gaisa, sunan farko ba ya gamsar da su, sai an ji na dangi. Wani ɗalibin jami'a da ke gadon da ke fuskantar nawa ya warware mini dalili. Daga sunan dangi ake gane jati ɗin mutum, wato rukunin da aka haife shi a ciki, wanda a al'ada shi ne yake yanke masa sana'arsa da wadda zai aura da wanda zai ci abinci tare da shi. Sharma da Mishra da Tiwari Brahmin ne, zuriyar malaman addini. Gupta da Agarwal 'yan kasuwa ne. Yadav makiyaya ne. Littattafai suna maganar manyan rukunai huɗu, Brahmin da Kshatriya da Vaishya da Shudra, amma a rayuwar yau da kullum jati dubbai ne, kuma a ƙasan su duka akwai waɗanda a da ko taɓa su ba a yi, waɗanda yanzu suke kiran kansu Dalit. Da na tambayi ɗalibin nasa sunan, sai ya ce Kumar, ya ƙara da cewa mahaifinsa ne ya zaɓi wannan suna da gangan saboda ba ya nuna komai. Ya miƙo mini jaridar Lahadi, ya nuna mini shafukan neman aure, inda aka jera tallace-tallacen rukuni-rukuni bisa jati, kuma da yawansu suna neman amarya fara.

Varanasi, wadda mutanenta suka fi kira Banaras, tana bakin kogin Ganga, kuma ita ce birni mafi tsarki a wurin 'yan Hindu, har tsofaffi sukan taho su jira ajalinsu a nan saboda imanin cewa wanda ya mutu a cikinta ya huta da sake dawowa duniya. Na shiga kwalekwale da asuba, na ga dubban mutane a kan matattakalan bakin ruwa suna wanka suna fuskantar rana, sannan muka iso Manikarnika, inda ake ƙona gawa dare da rana. Ga Musulmi abin yana da nauyin kallo, amma na ga masu makoki cikin natsuwa da ladabi irin na kowace jana'iza. Masu kula da wutar 'yan jatin Dom ne, kuma duk girman mamaci, ko Brahmin ne ko attajiri, daga hannunsu danginsa za su karɓi wutar da za a kunna masa, amma mai kwalekwalen ya tabbatar mini cewa da yawa daga cikin waɗannan dangin ba za su sha ruwa a gidan Dom ba. Ba nisa da nan akwai masallacin Gyanvapi, jingine da babban wurin bautar Kashi Vishwanath, an kewaye shi da shingen ƙarfe da 'yan sanda, domin 'yan Hindu suna cewa a kan rusasshen wurin bautarsu aka gina shi a zamanin Aurangzeb, kuma maganar tana gaban kotu.

Fiye da rubu'in mutanen birnin Musulmi ne, kuma a unguwar Madanpura ƙarar masaƙa ce take tarbar baƙo tun daga bakin lungu. Su ne suke saƙa zanen siliki mai zaren zinariya da amaren Hindu suke alfahari da shi ranar aure, dillalan da suke saye a hannunsu kuma da yawa 'yan Hindu ne, ta yadda cin abincin kowane ɓangare yana rataye da ɗayan. A nan ne na ji abin da ya fi damuna a tafiyar duka. Masaƙin da ya karɓe ni ya ce su Ansari ne, mahauta kuma Qureshi, kuma waɗanda suke danganta kansu da Larabawa da Farisawa da Afganawa, wato Sayyid da Shaikh da Mughal da Pathan, ana kiransu Ashraf, suna sahu ɗaya da su a masallaci amma da wuya su ba su aure. Na so in yi wa'azi, sai na tuna cewa a garinmu ma akwai gidajen da za su yi dogon bincike idan ɗan mahauta ko ɗan wanzamai ya zo neman 'yarsu, kuma har yau ana raɗa maganar wane jikan bawa ne. Bambancin shi ne namu bai kai ga ƙyamar taɓa jiki ko raba rijiya ba, kuma arziki ko ilimi sukan shafe shi cikin tsara ɗaya ko biyu, nasu kuwa yana bin mutum har bayan ya sauya addini.

Jirgin da ya ɗauke ni zuwa kudu ya bi ta Nagpur, kuma a ƙauyuka da yawa na hanya na riƙa hango mutum-mutumin wani mai tabarau da shuɗiyar kwat, riƙe da littafi. Wannan shi ne Dokta Ambedkar, ɗan Dalit da ya yi karatu a Amurka da Ingila, ya jagoranci kwamitin da ya rubuta kundin tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairun 1950, wanda sashe na 17 a cikinsa ya haramta ƙyamar taɓa wani saboda asalinsa. Da ya yanke ƙauna daga gyaruwar al'ada, a Nagpur ɗin nan ya koma addinin Buddha ranar 14 ga Oktoban 1956 tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa, ya rasu kafin shekarar ta ƙare. Dalit su ne kashi 16.6 cikin ɗari na jama'a a 2011, ƙabilun asali na dazuzzuka da duwatsu kuma 8.6, kuma an ware musu kashi 15 da kashi 7.5 na guraben aikin gwamnatin tarayya da na manyan makarantu, sannan a 1990 gwamnatin V. P. Singh ta amince da ware kashi 27 na guraben aiki ga sauran rukunan da aka bari a baya, matakin da ya jawo zanga-zangar ɗalibai har wasu suka cinna wa kansu wuta. A ganina wannan kaso ya yi aiki, domin ya samar da likitoci da alƙalai da manyan ma'aikata daga gidajen da a da ba a barinsu su shiga aji, kuma a 2022 Droupadi Murmu, 'yar ƙabilar Santal, ta zama shugabar ƙasa. Sai dai shi ma ya sa kowa ya riƙe takardar shaidar jatinsa da kyau, tunda da ita ake samun gurbi.

A Hyderabad ban daɗe ba. Na ga hasumiyoyin Charminar na 1591, na ci shinkafar biryani da ake yi wa birnin kirari da ita, na ji Telugu da Urdu suna cakuɗuwa a kasuwa, amma abin da ya kai ni shi ne unguwar A. C. Guards, inda zuriyar dakarun Afirka na Nizam, wato tsoffin sarakunan Hyderabad, suke zaune. Ana kiransu Siddi, kakanninsu daga gabashin Afirka aka kawo su, wasu bayi wasu sojoji, kuma daga irinsu ne aka samu Malik Ambar, Bahabashen da ya hana daular Mughal sakat a yankin Deccan a farkon ƙarni na 17. Na ga fuskoki irin na gida suna Urdu, kuma a nan ne kaɗai ba wanda ya tsaya kallona. A sauran wurare baƙar fata tana jan ido, wani lokaci da sha'awa, wani lokaci da raini, kuma ɗalibanmu da ke can ba su manta da farmakin da aka kai wa 'yan Nijeriya a Greater Noida, kusa da Delhi, a 2017 ba.

Daga Hyderabad zuwa Kerala jirgi yana ratsa Andhra Pradesh da Tamil Nadu, kuma allon kowace tasha yana ɗauke da harshen jiha da Hindi da Turanci, ta yadda mutum yana kallon baƙaƙen sama suna sauya siffa ya san an tsallaka iyaka. Harsunan kudu huɗu, Telugu da Tamil da Kannada da Malayalam, danginsu daban ne da na Hindi gaba ɗaya. Iyakokin nan kuwa da jini aka same su: a Disambar 1952 Potti Sriramulu ya mutu bayan yajin cin abinci na kwana 58 yana neman a ba masu Telugu jiharsu, aka ba su a 1953, sannan a 1956 aka sake zana taswirar jihohi bisa harshe. Da aka yi yunƙurin mayar da Hindi harshen hukuma shi kaɗai a 1965, ƙasar Tamil ta kama da wuta har gwamnati ta ja da baya ta bar Turanci tare da shi, kuma har yau makarantun gwamnatin Tamil Nadu Tamil da Turanci suke koyarwa. Na gwada 'yan kalmomin Hindi a kan mai sayar da kofi a tashar Salem, ya amsa mini da Turanci yana murtuke fuska. A nan dai ina ganin sun yi dabara, domin da aka ba kowane babban harshe gidansa da majalisarsa da jaridunsa, sai rigimar harshe ta koma ta kasafi da manhaja.

Kerala kore ce shar, ga kwakwa ga ruwa ko'ina, kuma ta saɓa wa kusan duk abin da na gani a arewa. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 33 a 2011, kusan kashi 94 cikin ɗari sun iya karatu da rubutu, mata kuma sun fi maza yawa, 1,084 a kan kowane dubu. 'Yan Hindu sun ɗan wuce rabi, Musulmi sun haura rubu'i, Kiristoci kuma kashi 18 ne, kuma addinan nan biyu ta teku suka shigo tare da fataken barkono, tun kafin a san da daular Musulmi a Delhi ko Turawa a gaɓar ƙasar. Na yi salla a masallacin Cheraman da ke Kodungallur, wanda mutanen wurin suke cewa an gina shi a 629, tun Manzon Allah (SAW) yana raye, kuma a nan Shafi'iyya ake bi kamar a Yaman da gaɓar gabashin Afirka. Kiristocin yankin suna danganta cocinsu da zuwan manzo Toma a shekara ta 52, a Kochi kuma akwai wurin ibadar Yahudawa na 1568, ko da yake kusan dukkansu sun ƙaura Isra'ila. Naman sa, wanda a jihohin arewa da dama zargin yanka shi kan jawo wa mutum ɗauri ko duka, a nan a fili ake soya shi, kuma na ga 'yan Hindu suna ci. Amma jati bai bar Kerala ba: sai a 1936 masarautar Travancore ta buɗe wa ƙananan rukunai ƙofofin wuraren bauta, kuma tsofaffin gidajen Kirista har yau ba su cika aurar da 'ya'yansu ga Dalit da suka shiga addinin daga baya ba.

A wani shagon shayi a Kochi na zauna da wani malamin makaranta mai ritaya, wanda ya ajiye jaridarsa ya yi mini bayanin abin da ke damun mutanen kudu yanzu. Rabon kujerun majalisar wakilai tsakanin jihohi har yau a kan ƙidayar 1971 yake, an daskarar da shi ne domin kada jihar da ta rage haihuwa ta yi asara, kuma wa'adin yana ƙarewa da ƙidayar farko da za a yi bayan 2026. A halin yanzu Uttar Pradesh tana da kujeru 80, Tamil Nadu 39, Kerala 20, kuma idan aka sake rabo bisa yawan jama'a na yau, kason arewa mai jin Hindi zai ƙaru, na kudu ya ragu. Ya ce su ne suka bi kiran gwamnati, suka sa 'ya'ya mata a makaranta, suka tsaya a kan haihuwa biyu, kuma ba su ga dalilin da zai sa ladansu ya zama raguwar murya a Delhi ba. Gwamnati ta sanar a 2025 cewa za a kammala sabuwar ƙidaya a 2027, kuma za a tambayi kowa jatinsa, abin da ba a yi wa dukan jama'a aka fitar da sakamakonsa ba tun ƙidayar Turawan mulkin mallaka ta 1931. Jihar Bihar ta riga ta gwada nata a 2023, aka samu cewa rukunan da aka bari a baya sun kai kashi 63 cikin ɗari, manyan rukunai kuma ba su kai 16 ba, nan take aka fara neman a faɗaɗa kason gurabe. Malamin ya ce idan mai ƙidaya ya zo gidansa, shi da matarsa kaɗai zai rubuta, domin ɗansu yana aiki a Sharjah, 'yarsu kuma tana Bengaluru, a can za a lissafa ta cikin mutanen jihar Karnataka.